Wahalar fitsari ga dattawa a ƙasar Arewa: aikin fiɗar furostat da abin da ke iya biyo bayansa

A ƙasar Arewa, tun daga Kiyeshe da Dogon Dutsi har zuwa Matankari, Kore Mairuwa da Tibiri, akwai wata lalura da ke damun dattawa masu yawa, amma da wuya a ji zancenta a fada ko a rumfar kasuwa. Ita ce wahalar fitsari da ke zuwa wa namiji idan shekaru sun ja. Mutum ya kan tashi sau uku ko huɗu cikin dare, in ya tsuguna sai ya jira kafin fitsarin ya fito, in ya fito kuma babu ƙarfi, in ya gama ya ji kamar da saura. Wani ya ce sanyi ne, wani ya ce tsufa ne, wani ma ya zargi jifa. A mafi yawan lokaci kuwa, dalilin shi ne girman wata tsoka da likitoci ke kira furostat.

Wannan lalura tana da magani, in maganin ya kasa kuma akwai aikin fiɗa da aka fi shekara 100 ana yi a duniya. Sai dai kyawun sakamakon aikin ya danganta da abu biyu: lokacin da maras lafiya ya zo, da kuma sanin da ya yi tun farko na abin da aikin zai gyara da abin da zai iya canzawa a jikinsa.

Mece ce furostat?

Furostat wata ƴar tsoka ce da maza kaɗai ke da ita. Tana zaune ƙarƙashin mafitsara, ta kewaye bututun da fitsari ke bi ya fita, kamar yadda zobe ke kewaye yatsa. Ga saurayi girmanta bai wuce na ɗan goro ba, nauyinta kimanin giram 20, aikinta kuwa shi ne samar da wani kashi na ruwan maniyyi. Daga shekara 40 zuwa sama ta kan soma girma sannu a hankali. Wajen rabin mazan da suka kai shekara 60 furostat ɗinsu ta riga ta soma wannan girma, ga waɗanda suka haura 80 kuwa abin ya kan kai mutum 8 cikin 10, ko da yake ba dukkansu ne ke jin wahala ba.

Idan ta girma sai ta matse bututun. Mafitsara ta shiga aikin ƙarfi domin ta tura fitsari ta ƙuntatacciyar hanya, naman jikinta ya yi kauri, daga baya ta gaji ta kasa zubar da duk abin da ke cikinta. Fitsarin da ya kwanta shi ke jawo ƙwayoyin cuta da tsakuwa, in abin ya daɗe kuma ya koma sama ya danne ƙoda har ta lalace. Yawan yunƙuri wajen fitsari kan taimaka wajen fitowar ƙaba.

Ya kamata a rarrabe wannan girma da ciwon daji na furostat, irin wanda aka yi wa tsohon shugaban Faransa, Faransuwa Miteran, aiki a kansa a 1992 da 1994. Girman da muke magana a kai ba daji ba ne, ba ya kuma rikiɗa ya zama daji, amma cututtukan biyu suna iya haɗuwa a jikin mutum guda. Haka nan ba kowace wahalar fitsari ce furostat ba. Tsohon ciwon sanyi da ba a yi wa magani da kyau ba ya kan bar tabo ya tsuke bututu, tsargiya ta kan ɓata mafitsara ta sa fitsarin jini, ciwon sukari ma ya kan sa yawan fitsari. Saboda haka ne likita ke duba furostat da yatsa ta dubura, ya sa a auna fitsari, a auna jini domin ganin lafiyar ƙoda da kuma awon da ake kira PSA, sannan a yi hoton eko a ga girman tsokar da yawan fitsarin da ke saura. Duban yatsan nan bai kai minti guda ba, amma kunyarsa ta hana mutane da yawa zuwa asibiti. Hausawa dai sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A watan Janairun 2024 fadar Sarki Charles na Ingila da kanta ta sanar wa duniya cewa za a yi masa aikin girman furostat, kuma aka yi.

Yaushe magani ya isa, yaushe sai aiki?

Wanda wahalarsa ba ta yi tsanani ba, sau da yawa ƙwayoyi sun ishe shi. Akwai masu sassauta bakin mafitsara, irin su tamsulozin da alfuzozin, waɗanda ke aiki cikin ƴan kwanaki, sai dai su kan sa jiri idan mutum ya miƙe da sauri. Akwai kuma finasterid da dutasterid masu rage girman tsokar da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar, amma sai an yi wata 6 ana sha kafin a ga amfaninsu sosai. Duk waɗannan, likita ne ke rubuta su, kuma in an daina sha wahalar ta kan dawo.

Ƴan kasuwa masu dogayen tafiye-tafiye su lura da wani abu. Riƙe fitsari na sa'o'i a cikin mota, da shan wasu magungunan mura da ake saye a hannun ƴan talla, da tiramol, suna iya sa fitsarin mai girman furostat ya tsaya cak a dare guda. Ranar da haka ta faru, mara ta kumbura, ciwo ya hana zama da kwanciya, babu sauran jiƙo ko turare da za a jira. Sai a garzaya asibiti a sa robar fitsari.

Likitoci sun daidaita a kan dalilan da ke wajabta aiki. Su ne: tsayawar fitsari da ke maimaituwa ko wadda ta ƙi sakewa bayan an cire roba, ƙwayoyin cuta da ke yawan dawowa, tsakuwa a mafitsara, fitsarin jini daga furostat da ya ƙi tsayawa, alamar ƙoda ta soma taɓuwa, ko kuma magani ya kasa, rayuwa ta ƙuntata.

Daga Kiyeshe zuwa ɗakin fiɗa

Ga mutumin Kiyeshe, matakin farko shi ne gidan likita na kusa, wato CSI, inda majo zai duba shi ya tura shi asibitin gunduma na Dogon Dutsi. Daga nan akwai asibitin jaha na Doso, sannan manyan asibitocin Yamai, mai nisan kilomita wajen 275 daga Dogon Dutsi, inda ake samun ƙwararrun likitocin hanyar fitsari, kamar asibitin Lamorde da yanzu ke ɗauke da sunan Amiru Bubakar Diyallo, da babban asibitin da aka ƙaddamar a 2016. Wasu su kan nufi gabas zuwa asibitin Galmi, wasu kuma su ƙetara iyaka zuwa asibitin koyarwa na jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Wannan hanya tana cin kuɗi: na mota, na awo, na magani, da na ciyar da mai jinya. Tsarin magani kyauta da gwamnatin Nijar ta kafa a 2005 da 2006 ya shafi fiɗar haihuwa, da awon ciki, da yara ƴan ƙasa da shekara 5, bai haɗa da aikin furostat na dattawa ba. Saboda haka ne ake samun masu komawa gida da roba, su yi watanni da ita, wasu har shekara, suna jiran kaka ko saƙon ɗa daga ci-rani. Roba ta ceci rai a ranar da aka sa ta, amma ba ta warkar da komai. Irin wadda aka fi amfani da ita tana bukatar canji kusan kowane wata, in ta daɗe kuma ta kan toshe, ta tara ƙwayoyin cuta, ta sa kumburin maraina da zazzaɓi. Wanda ya shiga ɗakin fiɗa bayan dogon zama da roba, da ƙarancin jini, da ƙoda mai rauni, ya fi fuskantar matsala bisa ga wanda ya zo da sauran ƙarfinsa. Idan kuma ƙoda ta mutu, sai wankin ƙoda, wanda babu shi sai a manyan birane.

Ire-iren aikin

Kafin a shiga bayani, a san cewa a dukkan waɗannan ayyuka ba a cire furostat gaba ɗaya. Cikinta da ya girma ake kwashewa, a bar bayanta, kamar yadda ake fafe duma a bar ƙwarya. A mafi yawan lokaci allura ake yi a gadon baya, ta kashe jiki daga cibiya zuwa ƙasa, mutum yana farke amma ba ya jin zafi.

Na farko shi ne fiɗa ta mara. Likita ya tsaga ƙasan cibiya, ya kai ga furostat, ya ɓare abin da ya girma da yatsa. Hanya biyu ce: ko a bi ta cikin mafitsara, yadda likita Peter Freyer ya yaɗa a birnin Landan tun daga 1901, ko a bi ta gabanta ba tare da buɗe ta ba, yadda Terence Millin ya bayyana a 1945. Wannan aiki ya dace da furostat babba, wadda ta haura giram 80, ko inda akwai manyan tsakuwoyi a mafitsara. Har yau shi ne aka fi yi a asibitoci da yawa na Afirka ta Yamma, domin ba ya bukatar na'ura mai tsada, kuma mutanenmu su kan zo bayan tsokar ta riga ta ƙasaita. Amfaninsa yana daɗewa, da wuya a sake aiki. Nauyinsa kuwa shi ne zubar jini ya fi yawa, ga rauni a mara, kuma mutum kan yi wajen mako guda ko fiye a gadon asibiti da roba.

Na biyu shi ne kankara ta bututun fitsari, wanda likitoci masu aiki da Faransanci ke rubutawa RTUP. Ba a tsaga fata. Ana zura siririn ƙarfe mai fitila da madubi ta mazakuta, a yi amfani da wata ƴar waya mai wutar lantarki a yanyanke tsokar kaɗan kaɗan, ana wanke wurin da ruwa. An ƙago shi a Amurka tsakanin 1926 da farkon shekarun 1930, kuma shi ne ma'aunin da ake gwada sauran ayyuka da shi ga furostat mai giram 30 zuwa 80. Ana cire roba bayan kwana 2 ko 3. Idan tsokar ƙarama ce, ƙasa da giram 30, a kan wadatu da tsaga bakin mafitsara kawai ta wannan hanya, ba tare da kankara ba.

Na uku shi ne aiki da hasken leza. Mafi shahara shi ne HoLEP, wanda likitoci a ƙasar Niyu Zilan suka fito da shi a ƙarshen shekarun 1990. Yana yin abin da yatsan likita ke yi a fiɗa ta mara, amma ta cikin bututu, ko yaya girman tsokar yake, da ƙarancin zubar jini. Akwai kuma sababbin dabaru masu sauƙi, kamar ƙona tsokar da tururi, ko ɗame ta gefe da ƴan maɗaurai, ko toshe jijiyoyin da ke ba ta jini domin ta motse. Waɗannan sun fi kiyaye fitar maniyyi, amma sun fi bukatar a sake aiki daga baya, ga tsada, kuma na'urorinsu ba su yawaita a yankinmu ba. Mai hali da ke shirin tafiya waje domin su ya sani cewa sabon abu ba lalle ne ya fi dacewa da shi ba. Girman furostat, da lafiyar mutum, da gwanintar likita a kan aikin da ya saba, su ne ke yanke hukunci.

Abin da ke iya biyo baya

Mafi yawan waɗanda aka yi wa aiki suna samun sauƙi bayyananne: fitsari ya fita da ƙarfi, a rabu da roba. Amma babu aikin fiɗa da ba shi da haɗari, kuma haƙƙin maras lafiya ne a gaya masa tun kafin ya sa hannu.

A kwanakin farko babban abin tsoro shi ne jini. Furostat wuri ne mai jijiyoyi da yawa. A aikin kankara mutum 2 ko 3 cikin 100 ne ke bukatar ƙarin jini, a fiɗa ta mara kuwa abin ya kan kai wajen mutum guda cikin 10. Shi ya sa ake neman dangi su ba da jini tun kafin ranar aiki. Gudajin jini na iya toshe roba, don haka ake ta ɗura ruwa ana wanke mafitsara kwana ɗaya ko biyu. Wanda ke shan asfirin ko wani maganin tsinka jini, ko mai hawan jini, ko ciwon sukari, ko ciwon zuciya, wajibi ne ya faɗa wa likita. Sai kuma ƙwayoyin cuta, waɗanda kan sa zazzaɓi, kumburin maraina, ko ruɓewar rauni, in sun shiga jini kuma su kan yi kisa. A tsohon salon kankara, idan aikin ya daɗe, ruwan wankin kan shiga jini ya tsinka gishirin jiki, mutum ya ruɗe ya yi ta amai. Sababbin na'urori masu aiki da ruwan gishiri sun kawar da yawancin wannan haɗari.

Matsalar da ta fi kowace yawa, wadda kuma aka fi jin nauyin faɗi, ta shafi maniyyi. A halitta, bakin mafitsara ya kan rufe lokacin biyan bukata domin maniyyi ya fita waje. Bayan aiki bakin ya zama a buɗe, sai maniyyin ya koma cikin mafitsara, ya fita daga baya tare da fitsari. Wannan ya kan sami mutum 6 ko 7 cikin 10 bayan kankara, bayan fiɗa ta mara ma fiye da haka. Ba ya cutar da jiki, jin daɗi ma yana nan ga mafi yawa, amma haihuwa ta kan yi wuya ƙwarai, kuma ba kasafai abin ke komawa yadda yake ba. A ƙasarmu, inda dattijo mai shekara 60 kan kasance da amarya yana kuma fatan ƙarin ƴaƴa, wannan magana ce babba. Wanda ba a gaya masa ba sai ya ɗauka an lalata shi, ya shiga sayen magungunan ƙarfin maza, ko ya zargi iyalinsa. Wanda ke son haihuwa ya faɗa wa likita ƙarara tun farko. Game da ƙarfin mazakuta kuwa, ga yawancin mutane ya kan zauna yadda yake kafin aiki. Kaɗan ne ke kukan raguwa, kuma sau da yawa shekaru da sukari da hawan jini suna da hannu a ciki.

Sai yoyon fitsari. Bayan an cire roba, mutane da yawa kan yi makonni suna jin matsuwa da ɗigo, sannan abin ya lafa. Motsa naman da ke riƙe fitsari, wato matse shi da sakinsa sau da yawa a yini, yana gaggauta sauƙi. Yoyon da ke zama dindindin kaɗan ne, wajen mutum 1 ko 2 cikin 100. Mai fama da shi kada ya ƙaurace wa masallaci da jama'a. Malamai sun san hukuncin mai wannan lalura, akwai sauƙi a cikinsa, likita kuma yana da abin da zai yi.

Bayan watanni ko shekaru, tabo na iya tsuke bututu ko bakin mafitsara, fitsari ya sake raguwa; waɗanda wannan ke samu ba su kai mutum guda cikin 10 ba, kuma ana gyara shi da ƙaramin aiki. Tsokar ma tana iya sake tohowa: bayan kankara, kowace shekara mutum 1 ko 2 cikin 100 kan bukaci a sake musu aiki. Akwai kuma wanda za a yi wa aiki lafiya lau amma fitsari ya ƙi fita da kyau, saboda mafitsararsa ta riga ta gaji da shekarun yunƙuri. Wannan ita ce babbar asarar jinkiri, domin likita na iya buɗe hanya, amma ba ya iya mayar wa mafitsara ƙarfin da ta rasa.

A ƙarshe, tun da an bar bayan furostat, ciwon daji na iya fitowa a can ko bayan aiki. Naman da aka cire ana aika shi ɗakin awo domin a duba ko akwai daji a ɓoye. Mutane da yawa da zarar sun ji sauƙi ba su komawa karɓar wannan sakamako, alhali yana daga cikin muhimman takardun da za su riƙe.

Shiri da komawa gida

Aikin furostat, in ba na gaggawa ba, abu ne da ake shirya wa. Manomi ya fi kyau ya tsara shi bayan an kai gero rumbu, ɗan kasuwa ya sami wanda zai riƙe masa shago, ma'aikaci ya nemi hutunsa da takardunsa da wuri. Bayan sallama, sai an yi mako 4 zuwa 6 ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba noma, ba hawan babur ko jaki ko amalanke a kan hanya mai gargada, ba kuma kusantar iyali. A sha ruwa da yawa, balle a lokacin bazara, a ci abin da ke sassauta ciki domin kada a yi yunƙuri a bayan gida. Wajen kwana 10 zuwa 14 ɓawon raunin ciki kan faɗi, a ga ɗan jini a fitsari. In kaɗan ne, ruwa da hutu sun isa. In jinin ya yi kauri da gudaji, ko fitsari ya tsaya, ko zazzaɓi ya taso, a koma asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Kafin a yarda da aiki, akwai tambayoyin da ya dace kowane maras lafiya ko babban ɗansa ya yi wa likita. Giram nawa furostat ɗin take? Yaya lafiyar ƙoda? Wane irin aiki za a yi, kuma don me aka zaɓe shi? Jini nawa za a tanada? Me zai faru da maniyyi da haihuwa? Yaushe za a dawo karɓar sakamakon awon naman? Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi.

Ƴan kasuwa da ma'aikata, ku ne dangi ke kira idan lalura ta taso a ƙauye, ku ne kuma ke biyan kuɗin mota da na magani. Idan kun lura mahaifi ko kawu yana yawan fita da buta cikin dare, ko ya daina dogon zama cikin jama'a, ku nemi wani tsaransa da yake jin maganarsa ya raka shi awo tun ana iya tsayar da abin da ƙwaya. Kuɗin awon yau bai kai kashi kaɗan na kuɗin ambilans da ƙarin jini na gobe ba. Ku ma da kuka haura shekara 50, wannan magana ta shafe ku. Allah ya ƙara mana lafiya.